Ƙulli a Bakin Kaba

Ka ce za ka ɗauke tsohonka zuwa birni, ka kai gyatumarka wurin ƙanwarka, wai a rage musu wahala. Zauna tukuna.

An yi wani masaƙin tabarma a wani ƙauye mai yawan goriba. Shekara arba'in yana yankan kaba, ya shanya, ya tsaga, ya saƙa. Matarsa ke rina masa, ja da karan dafi, baƙi da laka da bagaruwa. Tsufa ya zo. Shi ido ya tafi. Ita sanyi ya kama mata yatsu, ko allura ba ta iya riƙewa. Bai daina saƙa ba, hannu ya san hanyarsa, amma launi ya riƙa cakuɗewa, ja ya faɗa inda baƙi zai zauna. Masu saye suka daina zuwa. Ɗansu ya zo ya leƙa rumbu, ya ce bayan girbi uban zai bi shi, uwar ta tafi gidan 'yarta.

Washegari tsohuwar ta jawo ɗaurin kaba. Yatsu suka ƙi, ta sa haƙori. Ja ta yi masa ƙulli ɗaya a baki, baƙi biyu, fari ta bar shi haka nan. Ɗauri guda ya kai ta la'asar, leɓenta duk ya rine. Tsohon ya laluba, ya ji ƙulli, ya gane. Ya ce, "Ke, kin ɓata mini kaba da yawu." Ta ce, "Saƙa dai, Malam, dama jiƙa ta ake yi."

Da aka gama girbi ɗan ya zo da motar haya. Ya tarar da tabarmi uku jingine a zaure, ga wani mai aurar da 'ya zaune yana jiran ta huɗu. Ya shiga ciki. Uwar na ƙulli, uban na saƙa, gwiwarsa na taɓa tata, kabar da ta rage musu ba ta fi ta kwana biyu ba. Ya daɗe a tsaye. Ya fita ya sallami mai mota, ya ɗauki lauje, ya nufi daji yanko musu wata.

Magabata ba su yi ƙarya ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.