Man da ke Cikin Bango

Tun da zafi ya fara kashe mutane a ɗakunansu, kowa ya koma gini da bulo mai ƙananan ramuka da ake shayar da shi man kaɗanya. Da dare man ya daskare, da rana ya narke yana shanye zafi. Ranar da bai daskare ba kuwa, ɗaki ya zama tanda.

Baba Barau yana da nasa ma'aunin, mai a ƙoƙo a kan taga. Da safen nan ya dangwala yatsa, ya ji shi da tauri.

"Baba, mu kai Inna rumfar ƙarƙashin ƙasa, jikinta ba ƙarfi," in ji 'yarsa Lantana. "An ce man bango bai kama ba. Ga maƙwabta can suna shirin tafiya a amalankensu."

"An ce, an ce. Ni da na tsallake shekarar da kwalta ta malala kamar kunu, da jiƙaƙƙen rawani kawai? Ga mai ya yi barci, taɓa ki ji."

"Na ƙoƙo daban, Baba. Wanda ke matse a ramin bulo ba ya daskarewa sai sanyi ya fi haka."

"Uwarki ba za ta kwanta cikin jama'a ba ina raye."

Ya jingina da bango yana yi wa matarsa fifita. Kafin hantsi maficin ya fara kawo iska mai ɗumi. Da ya miƙe, rigarsa ta manne masa a baya, tana warin kaɗanya.

"Lantana," ya ce a hankali, "amalanken maƙwabta bai tafi ba tukuna, ko?"

Tana bakin ƙofa, tana kallon hanyar da babu kowa a kanta.