Mai Rawar da Ta Kurumce

Tunda ka ce sana'arka ta mutu a hannunka, abin da ka iya kuma ba ya ci yanzu, gyara zama in ba ka wani misali, ka tafi da shi kana juya shi a ranka.

An yi wata mata mai rawa a wata ƙungiyar wasan gargajiya. Ita ake sa wa a gaba, domin kafin mai kalangu ya sauke hannu ƙafarta ta riga ta san inda zai faɗa. Wata bazara sanƙarau ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Da ta koma fage sai ta riƙa kallon hannun mai kalangu tana binsa, amma da zarar ta juya masa baya sai kiɗan ya ɓace mata, 'yan'uwanta su yi dama ita ta yi hagu. Shugaban ƙungiya ya tausaya mata, ya mayar da ita mai ninke kayan 'yan wasa. Dangi suka ce ta gode wa Allah da ta tsira da ranta. Ta gode, amma tana ninke kaya ƙafafunta na motsi a ƙarƙashin zane. Rannan ta ga wata tana naɗar murya a waya, wasu layuka suna tsalle a fuskar wayar duk lokacin da aka yi magana. Ta ce a ranta, ashe sauti ma ana ganinsa. Sai ta shiga ajin koyon kwamfuta, inda malami ke bayani ba ta jin ko kalma, sai dai ta kwafi abin da ya rubuta ta je gida ta yi ta gwadawa. Ta zauna wurin masu gyaran rediyo ta koyi haɗa wayoyin lantarki, dalma ta ƙona mata yatsu har suka yi kanta. Daga nan ta roƙi mai kalangun ƙungiyar, wani tsoho, ya yarda ta ɗaura masa ƙaramin makirufo a jikin kalangu. Ta ja waya zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa ƙwayayen fitila da ta sa cikin ƙorai masu huji, ta rataye su a wani tsohon siton auduga. In ya matse kalangu ƙwarya mai jan haske ta kama, in ya saki mai shuɗi ta kama. Ta gayyaci jama'a, sito ya cika. Sai dai hasken yana makara da ɗan ƙiftawar ido, ita kuma tana bin hasken, don haka daga farko har ƙarshe a bayan kiɗa take takawa. Ba ta ji dariyar mutane ba, amma ta ga haƙoransu. Tsoho ya yi mata alama su tsaya, ta girgiza kai, ta kai rawarta ƙarshe.

Washegari ta sauko da ƙoran nan, ta sake lissafin kwamfutar, ta canza wayoyi. Damina ta zo ta wuce tana kan gyara. Makarar ta ragu, amma ta ƙi ƙarewa, domin kafin ido ya gani ya gaya wa ƙafa, bugun ya riga ya wuce. Masu ƙaunarta suka ce ta haƙura haka nan, ta yi iya yinta. Ita kuwa sai ta kwance makirufon daga kalangu. Ta samo wasu 'yan na'urori masu gane motsi, ta ɗinke su a cikin akayau, wato kacau-kacau ɗin da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa, ta haɗa su da kwamfutar. Ta tsaya gaban tsohon ta ce, "Baba, na gaji da binka a baya. Kai kana da kunne kana da ido. Ni zan taka, kai ka biyo ni." Tsoho tun tasowarsa shi ke ja ana binsa. Ya rataya kalangunsa ya yi tafiyarsa. Ba ta aika masa ban haƙuri ba. Kullum sai ta shiga sito ita kaɗai, ta taka, ƙorai su kama, ta juya, wani majigi da ta haɗa ya watsa inuwarta a kan fararen ƙyallayen da ta rataya, inuwa ɗaya ta zama taro guda. Da labari ya isa kunnen tsoho sai ya zo leƙe. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, can sai ta ga kalangu ya koma hammatarsa, hannunsa yana sauka daidai inda ƙafarta ta sauka. Da suka sake buɗe sito, ba ta jera wa kowa kujera ba, mutane suka riƙa yawo a tsakanin ƙyallaye da ƙorai, haske na zuba a jikinsu. Kuramen gari, waɗanda a da sai dai su tsaya a bayan taro, suka kutsa tsakiya suna takawa tare da ita. Yau ana ɗaukar ƙoranta a jirgi ana kai su garuruwan da ba ta taɓa sanin sunansu ba, tsoho na biye da kalangunsa. Jinta kuwa bai dawo ba, kuma ta daina jiran dawowarsa.

To ka ji. Kai ma tashi ka duba abin da ya rage a hannunka, domin Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.