Ɗumin Bidiyon Hedimasta

Hedimasta ya ɗora tafin hannunsa a kan bidiyon, ya ji shi da ɗumi. Jiya ma haka ya ji, shekaranjiya ma haka.

Tun da ya yi ritaya bai mallaki abin da yake ji da shi kamar na'urar nan ba. Ranar da mai shagon kayan lantarki ya kawo ta zai haɗa, Hedimasta ya ce masa ya ja gefe; wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da karatu ba a karanta masa takarda. Ya buɗe littafin bayani, ya bi shi shafi-shafi har na ƙarshe, bai bar maɓalli ɗaya bai gwada ba. Ya janye na'urar daga jikin bango don ta sha iska, ya kawar da butar shayi daga kusa da ita, ya saita agogonta. Mai shago kuwa da ya rasa abin yi, sai ya tsaya yana ba matar gidan dariya. Hedimasta bai manta da dariyar nan ba.

A ranar ya kafa doka: ba a lulluɓe ta da ƙyalle, ba a zare wayarta agogo ya rikice, kuma ba mai taɓa ta sai shi.

To ga shi kullum ya fita hira wurin abokai bayan la'asar, sai ya dawo ya tarar da ɗumi, kaset ɗin da ya bari a ciki kuma ya yi gaba. Da ya mayar da shi baya ya kunna, sai ga waƙoƙin soyayya da talabijin ke sawa da yamma, an naɗe su tsaf. Matarsa ko murya za ta ƙara sai ta kira shi. Naɗi kuwa sai wanda ya san kan na'ura.

"Wa ke shigo mini gida in na fita?"

"Malam, ƙura ma tsoron bidiyonka take, balle ni," in ji ta.

"Ƙarfe ba ya ɗumi da kansa."

Washegari Hedimasta ya tsaya a tsakiyar shagon kayan lantarkin, gaban masu saye, ya jero hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya kamar yana gyaran jarrabawa. Ya nemi mai shago ya amsa laifi, ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Mutumin ya rantse har muryarsa ta dushe. Kafin azahar maganar ta gama unguwa.

Matar ta haɗa kayanta, ta ce tana gidan yayanta. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"In ka kama shi, Malam, ka gaishe mini da shi."

Hedimasta ya sake kwaɗon ƙofa. Ran nan bai fita hira ba. Ya kulle gida daga ciki, ya zauna a falo da sanda a kan cinya, yana jiran mai ƙarar kwana ya ƙwanƙwasa.

Ba wanda ya zo. Inuwa ta fara tsawo a tsakar gida, sai ya ji ƙas! Jar fitila ta kama a goshin bidiyon, kaset ya soma juyawa shi kaɗai yana naɗi, daidai lokacin da Hedimasta ya sa masa da hannunsa ranar da yake gwada shafin ƙarshe na littafin bayani.