Minti Arba'in

"A ɗaura bel, za mu sauka," in ji ma'aikaciyar jirgi.

Inna ta damƙi hannun 'yarta. "Sauka kuma? Yanzu fa muka tashi!"

"Dama minti arba'in ne, Inna."

Inna ta leƙa ta taga. A mota wuni guda ake yi, ta zaci za ta samu lokacin shirya abin da za ta faɗa wa yayanta da ke kwance a asibiti. Ko kalmar farko ba ta samo ba.

"Ki ce wa direban ya ƙara zagayawa."

"Haba Inna!"

Tayoyi suka taɓa ƙasa. Shekara goma sha biyu tun faɗansu da yayan nata, Inna tana cewa nisa ne ya hana ta zuwa. Ta dubi robar ruwan hannunta. Ko rabi ba ta sha ba.