Bene Hawa Uku

Mai gyara ta kwance sukurori, ta zare murfin kwamfutar, sai ta tsaya cak da sabon katin a hannunta.

Akawu bai lura ba, yana zaune yana murza gwiwoyinsa. Shekara tara ke nan kullum sai ya kwafi aikinsa a 'yar na'urar ajiya ta filas, ya hau bene hawa uku ya kai wa shugaba, saboda tasa kwamfutar ba ta haɗe da sauran na ofis. Takardun roƙon a sa mata katin sadarwa kuwa, ya rubuta har ya gaji. Sai yau aka amince, saura kwana huɗu ya yi ritaya.

"Baba, wa ya ce maka ba ta da kati?" in ji mai gyara.

"Kowa ma. 'Yata, ki sa kawai mu huta."

Ta juyo masa bayan kwamfutar, ta sa farce ta ɓanɓare wata tsohuwar takarda mai lambar kayan ofis. Ga ramin wayar sadarwa a ƙarƙashi, fes, ko ƙura bai taɓa gani ba. Ta cusa wayar da ta zo da ita, wata 'yar fitila ta fara ƙyaftawa.

"Ko wane sarkin iyayi ne ya liƙe shi?" ta ce tana dariya.

Akawu ya karɓi takardar, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon lambar bakwai ɗin nan mai ƙugiya, rubutun hannunsa da duk ofis ake yabonsa a kai. A makonsa na farko ya liƙa ta, har da dannawa da babban yatsa don kada ta ɗaga.