Kunun Kanwar Safiyar Sallah

Safiyar Sallah kowa ya tafi Idi, aka bar ni da jaririyata 'yar kwana uku. Zazzaɓi ya hana ni ko ɗaga ta, tana ta tsala kuka.

Sai ga kakata Lantana daga Makarfi.

"Tashi, raguwa! Ni na wanke uwarki, ni zan wanke ki."

Ta yi mini wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta lallashi jaririyar, ta fita.

Da mijina Muhsin ya dawo na ce, "Kun haɗu da Kaka a hanya?"

Darduma ta suɓuce masa. "Rumaisa, saboda cikinki muka ɓoye miki. Watanta biyu da rasuwa."

Kunun yana gabana, har yanzu yana tururi.