Tarin Kwana Talatin da Tara

Tun da annoba ta dawo, babu mai sauka daga jirgin ruwan shaƙatawa sai an kwana arba'in ba a ji tari ba. Shekara uku ke nan Lantana na kai wa mijinta, kukun jirgin, daddawa a tashar Legas, yana janyewa da igiya.

Yau kwana talatin da tara. Har ta yi lalle.

"Gobe dai ko, Malam?" ta ɗaga murya.

Sai ya nuna mata benen sama. Wani fasinja mai tumbi na kishingiɗe yana lasar yatsu. Fasinjan ya duba agogo, ya ƙaƙalo tari. Abokansa suka kaure da tafi, sun ƙara samun kwana arba'in na cin daɗi.

Lantana ta dubi lallenta, ta tofar da yawu cikin teku.